Wanda Ya Farke Ɗinkin Tocilar Kawu Maidawa

Wannan babin ku na rubuta wa, Sani da Asabe da ƙannenku, don na gaji da jin labarin nan a karkace. Tun kuna makaranta kuke ji a bakin 'yan'uwanku na Inkil cewa ubanku ya zare wuƙa ya yanke layar kawunku Maidawa, shi ya sa ya yi shekara da shekaru bai sa hannu a kwano ɗaya da ni ba. Ba ku taɓa tambayata ba, kun yi tarbiyya, amma ina ganin tambayar a idonku duk ranar Juma'a. To ku gyara zama. Ummanku tana nan gefena tana tsince wake, ita ce ta ce lokaci ya yi da zan rubuta, ta kuma ce in na ƙara gishiri za ta ƙwace biron.

Sana'ata ta asali gyaran rediyo ce, kun sani, a ɗan shagon nan da ke cikin 'yan tireda na bakin barikin Shadawanka. A da matan sojoji layi suke yi mini da rediyoyi a cikin zani. Da wayar hannu ta shigo, kowa ya koma jin labarai a aljihu, sai na koma korar ƙuda. Ni kuwa Allah bai yi ni da zaman banza ba, hannuna ƙaiƙayi yake. A haka na ci karo da ƙwan fitilar zamani, ɗan mitsitsi, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, amma in ka ba shi wuta yadda ya kamata sai ya haska maka har ƙarshen layi. Na fara kwance batiran tsofaffin kwamfutoci ina zaɓen masu rai, ina liƙa ƙwan da dalma a cikin jikin tocilolin roba na kasuwa. Haske kam ya samu, har maƙwabtana suna taruwa kallo a cikin ɗakin ajiyar gawayi na bayan shago, inda ko da rana duhu ne. Sai dai kafin a gama mamaki roba ta fara wari, ƙwan ya yi shuɗi ya mutu. Nan na gane cewa samar da haske ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne ka san inda za ka kai zafin da hasken ya haifar, don ƙwan nan duk abin da bai fitar a haske ba a zafi yake fitar da shi, ta gindinsa.

Wanda ya fisshe ni abokina ne Bulus, mutumin Bogoro, mai zubin tukwanen alminiyam a bayan layinmu. Na kai masa narkakkiyar tocila ina ƙorafi, ya juya ta a hannu ya bushe da dariya har da riƙe ciki.

“Malam Haruna, kai ma dai! Ka sa wuta a cikin roba, kana mamaki ya narke? Kawo, ni zan zuba maka jiki.”

Akwai wani ɗan acaba da ya jingine mashin a wurin, na ja Bulus na nuna masa injin.

“Ka ga haƙarƙarin nan da iska ke bi tana sanyaya injin? Irinsa nake so, daga wuya har tsakiya.”

“Aikin zai ba ni wahala,” in ji shi, “amma tunda kai ne, in ya lalace mu narka mu sake.”

Mun narka mun sake har na daina lissafi. Daga ƙarshe muka samu jiki mai kauri a gindin ƙwan, mai haƙarƙari a kewaye, na goge mazaunin ƙwan da takardar yashi har ya yi santsi, na shafa farin man nan da ke haɗa zafi da ƙarfe, na ɗaure tam. Sannan na sa wani ɗan allo a ciki da nake kira mai gadi: in zafi ya wuce misali shi ke rage wuta, hasken ya ja baya har jikin ya huce. Ban sa shi don ado ba. Na taɓa ganin batirin nan ya yi zafi a kan teburina, ba mutuwa ya yi ba, kumbura ya yi ya fashe da wuta, tabon yana nan a kusurwar teburin har gobe. Tocilar ta yi suna, ana ce mata Mai Haƙarƙari. Masu haƙar rijiya suka zo, masu gadin gidaje a Gwallameji suka zo. Har wasu samari suka matsa in haɗa musu mai koren hasken nan siriri da ke huda ido, na ce su kama gabansu, ba na sayar da makanta. Ina faɗa muku ba don yabon kai ba, a lokacin duk Bauchi in ana maganar tocilar da ba ta cin kanta, tawa ake nufi.

Yanzu ga kawunku. Maidawa yayan Ummanku ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya ba ni aurenta, don haka Yaya nake ce masa. Shi ne babban mafarautan Inkil, su ne kuma ke tsaron gonaki lokacin da masara ta nuna ɓarayi suka taso. Duk Juma'a in an sauko masallaci gidanmu yake zuwa, a shimfiɗa tabarma a zaure, mu ci tuwo a kwano ɗaya ni da shi, Ummanku na zaune a bakin ƙofa suna hirar mutanen da. Duk mako wannan ranar take jira. Su mafarauta suna da al'adarsu: ba sa fita daji da kaya tsirara. Wuƙa, ƙaho, gindin bindiga, komai sai baduku ya ɗinka masa rigar fata. Kawunku kuma yana da wata laya da ya gada daga mahaifinsu, wadda a ganinsa ita ce bayansa ita ce gabansa. Ƙa'idarta ɗaya ce, kuma kowa a gidansu ya san ta: mace ba ta taɓa ta. In mace ta taɓa, ta karye, sai a haƙa rami a binne, ita kuma macen babu shi babu ita. Ni dai Allah na riƙe, ban taɓa ɗaura laya ba, amma ban taɓa yi masa dariya a kan tasa ba.

Da damina ta kama a shekarar nan, na haɗa tocila mafi kyau da na taɓa haɗawa na ba shi kyauta. Ya yi murna, ya sa mini albarka, yaransa mafarauta ma suka zo suka saya. Ba a jima ba sai ga shi ranar Juma'a da ita rataye a ƙarƙashin hammata. Da ya ajiye ta a tabarma, sai na jawo ta na duba. An ɗinke ta ruf da jar fata tun daga wuya har gindi, haƙarƙarin nan da muka sha wahala a kansa ko ɗaya ba a gani, an kuma ɗinke layar gadon a jikin fatar. Bakin ƙarfen kawai aka bari a waje.

“Haruna, tocilarka ragguwa ce,” in ji shi. “Da farko ta haska kamar rana, kafin ka zagaya gona ta koma aci-balbal. Sai na kashe na kunna, na kashe na kunna, sannan take dawowa.”

“Yaya, ba ragguwa ba ce, numfashi aka toshe mata. Ta haƙarƙarin nan take huce zafi. An rufe su da fata, dole mai gadin ciki ya rage wuta. A cire rigar nan ka ga aiki.”

“A cire me?”

Ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya sha mur.

“Ni zan fita daji da abu tsirara a gaban yarana? Abin da ke rage wutar za ka cire. Kai ka sa shi, kai za ka fitar.”

Na yi masa bayanin batiri, na ba shi labarin teburina, na ce a ƙirjinsa yake rataye abin nan. Ko gezau. Ya ɗaga hannu zai yi mini nuni, hannun rigarsa ya zame, sai ga wata ƙuna ja jawur a gefen ƙirjinsa inda bakin ƙarfen ke taɓa fata. Na ga Ummanku ta gani. Ta ce, “Yaya, mene ne wannan?” Ya ja riga ya rufe, ya ce ba komai ba ne, aikin maza ne. Da zai tafi ya tura mini tocilar da ƙafa.

“Juma'a mai zuwa zan biyo ta shago in karɓa. In ba ka iya ba ka faɗa, akwai yara masu gyaran waya a kasuwa, su ba sa musu da manya.”

Maganar nan ta ƙarshe ita ta hana ni sukuni. Cire mai gadi ba zan yi ba, ko sama da ƙasa za su haɗe. Amma in na ƙi na mayar masa, gobe wani yaro da bai san komai ba zai tsinke waya ɗaya ya haɗa, ya miƙa masa wuta ya rataya a ƙirji. In kuwa na tuɓe rigar da hannuna, na ci mutuncin mutumin da ya ba ni mata. Na ajiye tocilar a kan kabad ɗin ɗakina ina ta juya abin a rai, kwana da kwanaki, ina fita shago ina dawowa ban taɓa ta ba. Ummanku kuwa, na lura miyarta ta rasa gishiri a makon nan.

Ranar Alhamis na dawo cin abincin rana, kuna makaranta, gidan tsit. Na ɗaga labule, sai na ga tocila a kan faifai tsirara, haƙarƙarinta na ƙyalli. Ga rigar fata an ninke a gefe. Ga laya a kan farin ƙyalle. Ga Ummanku zaune a bakin gado, reza da allura a cinyarta.

“Innalillahi! Hajara, me kika yi?”

“Abin da ka kasa yi na yi, Malam.”

“Kin san ƙa'idar abin nan kuwa?”

“A gidan aka haife ni, ni za ka gaya wa? Na ga ƙirjinsa. Gara ya rabu da ni yana da rai, da in je in tarar da shi a ƙone.”

Ta faɗi haka da ƙarfin hali, amma hawaye na bin fuskarta, don ta san abin da ta saya wa kanta. Ba ta da uwa ba ta da uba, shi kaɗai ya rage mata. Na tsaya ina kallonta, raina ya ɓaci, kuma a lokaci guda ban taɓa jin girmanta a raina kamar ranar ba. Na ɗauki fatar na duba. Ba yanka ta yi ba, zare ta bi ɗaya bayan ɗaya ta zare, ramukan ɗinkin na nan lafiya lau. Na ce ta share fuskarta ta zuba mini abinci, kuma daga yau in wani ya tambaye ta, ba ta san komai ba. Ta ce ba ta yarda in ɗauki kayan da ba nawa ba. Na ce ai ba shawara nake nema ba. Ni in Yaya ya yi fushi da ni, suruki ya rasa. Ita in ya yi fushi da ita, ta rasa gida gaba ɗaya, shi kuma ya binne layar ubansa ya shiga daji da karyayyar zuciya. Ban ɗauki lokaci ina auna wannan ba, kuma ko yau aka dawo da ni ɗakin nan abin da zan yi ke nan.

Da yamma na kai wa Bulus tocilar, na ce ya huda mini gindinta, can ƙarshe inda zafi ba ya kaiwa, ya sa zobe mai ƙarfi. Ya kalle ni, ya kalli ƙullin farin ƙyallen da ke aljihuna, ya gane rabin zancen.

“Malam Haruna, wannan mutumin zai cinye ka ɗanye.”

“Sa zoben dai, Bulus.”

Ranar Juma'a bayan masallaci kawunku ya iso shago da yaransa a bayansa. Na shimfiɗa masa kayan a kan tebur: tocila, fata, da laya a ƙyallenta. Har mai shayin gefe ya daina kaɗa cokali.

“Wa ya taɓa wannan?”

“A hannuna ka bar ta, Yaya. Ni zan amsa.”

“Na ce ka cire abu ɗaya, ka cire wani?”

“Mai gadi yana nan, ba zai fita ba. Ga zobe na sa a inda ba ta zafi, ka ɗaura layarka da hannunka. Ka gwada ta haka. In ta rage haske ka dawo ka fasa mini ita a kai.”

Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Wani cikin yaransa ya matso yana huci, ya ɗaga masa hannu ya tsaya. Sai ya ɗauki fatar, ya buɗe ta, ya bi gefenta da babban yatsa a hankali, ya daɗe yana kallo. Na ɗauka lalacewar fatar yake dubawa. Ya ninke ya sa a aljihu, ya ɗauki layar, ya ɗauki tocilar.

“Haruna, na ba ka ƙanwata, ka saka mini da wannan. Ba ni ba shagonka. Kuma hannuna da naka sun gama haɗuwa a kwano.”

Haka aka yi kuwa. Yaransa suka ɗauke ƙafa, labari ya bazu a Inkil, kafin ya zagayo ya zama wuƙa na zare a gaban jama'a. Ciniki ya ja baya sosai a shekarar, shi ya sa ginin gidanmu na Gwallameji ya tsaya a linta har damina ta wanke bulo, in kuna tunawa. Amma Juma'a ba ta fasa ba. Yana zuwa gidan kamar kullum, ya zauna a zaure ya ci tuwonsa shi kaɗai, ƙanwarsa a bakin ƙofa suna hirar mutanen da, yana ce mata mijinki mai taurin kai. Ni kuwa in an sauko masallaci sai in wuce shago, in sayi ɗanwake mu ci da Bulus, sai na tabbata ya tafi in dawo. Kun sha tambayar Ummanku me ya sa Baba ba ya cin abincin Juma'a a gida, tana ce muku aiki ne. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini ciwo, musamman ranar sunan ƙanwarku Bilkisu da ya miƙa wa kowa hannu ya tsallake ni. Sau da yawa Ummanku ta tashi za ta fasa ƙwai, ina zaunar da ita. Abin da ke sanyaya mini rai, ina jin labari a bakin masu kawo gyara cewa Mai Haƙarƙari na nan a hammatarsa tsirara, laya na lilo a zobe, kuma tana kai shi ƙarshen gona ba ta rage haske ba. Daga baya yaran nasa suka dawo ɗaya-ɗaya suna sunkuyar da kai, kowa na son a sa masa zobe.

Bara da damina ciwo ya kwantar da shi, kun sani. Wata rana da hantsi sai ga babban ɗansa a shago, ya ce Baba na kira. Na ce ni? Ya ce kai. Na rufe shago na hau keke napep har Inkil. Na same shi a kwance ya rame, tocilar na rataye a ƙusa saman kansa. Na gaishe shi, ya amsa, ya sa aka fita aka bar mu. Ya ce a miƙo kunu a kwano ɗaya da ludayi biyu. Sannan ya laluba ƙarƙashin matashi ya jawo jar fatar nan, ta bushe ta yi baƙi, ya miƙo mini.

“Duba gefen nan.”

Na duba.

“Kai da na sani, in aka ba ka reza ai yanka za ka yi ka wuce. Wannan zare aka bi ɗaya-ɗaya, ba a ɓata rami ko ɗaya ba. Haka marigayiya Innarmu take farke ɗinkin hula. Mutum ɗaya ta koya wa.”

Na ajiye fatar. Na ce, “Yaya, tun yaushe ka sani?”

“Tun a kan teburinka.”

Sai raina ya tashi, kun san halina, ko a gaban mara lafiya.

“Ka sani, shi ne ka bar ni ina cin ɗanwake a shago duk shekarun nan?”

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce,

“Yarana na tsaye a bayana. In na ce na gane, sai in binne layar ubana, in binne ƙanwata. Dole a yi fushi da wani, Haruna. Ka miƙo wuyanka, to da wa kake so in yi?”

Ya tura mini ludayi, ya ce sha kafin ya huce. Muka sha kunun nan ni da shi har muka ga gindin kwano, ban san lokacin da hawaye ya sauko mini ba. Bai ƙara mako ba Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

To kun ji wanda ya farke ɗinkin, kun kuma ji cewa kawunku bai mutu yana riƙe da kowa a rai ba. In kun haɗu da 'yan'uwanku na Inkil kada ku yi musu gardama, ku ba su takardar nan su karanta. Layar tana hannun babban ɗansa. Tocilar kuwa ni ya ce a ba, ga ta can rataye a bayan ƙofa, zoben babu komai. Na karanta wa Ummanku abin da na rubuta, ba ta ƙwace biron ba. Ta ajiye tiren waken ta shiga ɗaki.